Mazaunin Inji a Ƙananan Motocin Rediyo: Darasi Daga Ƙashi da Kunnen Giwa

Ƙananan motocin da ake sarrafawa daga nesa ta hanyar rediyo sun bunƙasa ƙwarai tun bayan da kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da motarsa ta farko a shekarar 1976. Mai karatu zai iya ɗauka kayan wasan yara ne kawai, alhali kuwa cike suke da darussan kimiyya. A nan za mu dubi ɓangare guda, wato mazaunin da ake ɗaure injin lantarki a kansa.

Injin da aka fi sani, samfurin 540, faɗinsa kamar milimita 36 ne, kuma notuna biyu ke riƙe shi. A bakinsa akwai ƙaramin giya wanda haƙoransa ke shiga cikin na babban giya. Idan haƙoran suka matsu, inji zai wahala ya yi zafi. Idan suka yi sako-sako, sai su cinye juna. Saboda haka masu gyara kan cusa 'yar takarda tsakaninsu kafin su ɗaure noti, domin a sami tazarar da ta dace.

Matsala ta farko ita ce zaɓen abin ƙira. Alminiyam ba ya lanƙwasa da sauƙi, kuma ya ninka roba sau ɗaruruwa wajen kwashe zafi. Wannan na da muhimmanci, domin maganaɗisun inji yakan raunana idan zafi ya yi yawa. Wasu mazaunan ma ana yi musu fukafukai don iska ta ratsa, kamar yadda giwa ke rage zafin jikinta ta faffaɗan kunnuwanta. Amma alminiyam ya ninka robar nailan nauyi fiye da sau biyu, kuma in aka yi karo mai tsanani ya lanƙwashe, ba ya komawa daidai. Ita roba takan ɗan saki ta dawo, sai dai sakin nan na iya raba haƙoran giya.

Masu nazarin halittu sun san wannan ciniki. Ƙashi ya haɗa sinadarin kalsiyam mai ba shi tauri da zaren kolajin mai hana shi karyewa farat ɗaya. In ɗaya ya ragu, ƙashi ya sami naƙasu.

Matsala ta biyu ita ce ramukan noti. Dogon rami yana ba da damar matsar da inji a canja giya, amma jijjiga na iya gusar da shi. Rami zagayayye ba ya gusawa, sai dai yana taƙaita zaɓi.

Ta uku ita ce wurin zama. Inji a baya yana danne tayoyin baya su kama ƙasa mai santsi. A tsakiya kuwa yana sauƙaƙa shan kwana.

Kowane allazi da nasa amanu. Ɗalibin da zai ƙera mazauni ya fara tambayar kansa: a wane irin fili motar za ta yi gudu?