FILIN MANOMA: Abin Da Ke Karya Keken Shanu

Jama'a, ga kaka ta zo, lokacin da keken shanu ba ya hutawa. Da safe ya kwaso dammunan gero da na dawa, da la'asar ya kai buhunan gyaɗa kasuwa, in rani ya yi kuma ya shiga jidon taki. A wannan lokaci ne aka fi ganin keke ya durƙushe a bakin hanya, kaya a zube, wani sa'i har bijimi ya ji ciwo. Mai shi ya ce kaya ne suka yi yawa, ko kuwa ya ce mai walda ne ya cuce shi. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Ba yawan nauyi kaɗai ke yin ɓarna ba, har da inda aka ɗora shi, da kuma yadda ya faɗo wa keken. Wannan shi ne darasinmu na wannan mako.

Hanyoyi biyar da ƙarfi ke cin abu

Kowane inji, tun daga garmar shanu har zuwa tarakta, ta hanyoyi biyar ƙarfi ke cinsa. Na farko ja, kamar sarƙar garma sa'ad da shanu ke tafiya. Na biyu danniya, kamar ginshiƙin rumfa. Na uku lanƙwasa, kamar azarar soro. Na huɗu murɗiya, kamar yadda ake matse wanki. Na biyar yanka, watau ƙarafa biyu su kama ƙusar da ta haɗa su, wannan ya ja gaba wancan ya ja baya, kamar almakashi.

Abin da injiniyoyi ke aunawa kuwa shi ne ƙarfin da ya faɗa wa abu, a raba shi da faɗin naman abin. Ga misali. In zoben sarƙa ya cinye har kaurinsa ya koma rabi, naman ƙarfen da ya rage kashi 1 ne cikin 4. Saboda haka wahalar da yake sha ta ninka sau 4, ko da shanun ba su ƙara ja ba.

Lanƙwasa

A cikin biyar ɗin nan, lanƙwasa ta fi kashe keke. Ɗauki ɗanyen kara ka lanƙwasa shi a gwiwa. Za ka ga bayansa ya tsage, cikinsa ya tattare, tsakiyarsa kuwa ba abin da ya same ta. Haka yake ga katakon da ke ɗauke da gadon keke: gefen sama ana danne shi, gefen ƙasa ana jansa, tsakiya tana hutawa. Don haka in za a huda katako a sa ƙusa, a huda a tsakiyar tsayinsa. Kada a huda ko a sassaƙe gefen ƙasa, kada kuma a sa icen da wurin reshensa ya faɗo a can.

Tun a shekarar 1638 wani masani mutumin Italiya, Galileo, ya rubuta lissafin ƙarfin katako. A ninka tsayi da tsayi, sa'an nan a ninka da faɗi. Katako mai inci 2 da inci 4, in an kafa shi a kan gefensa, 4 sau 4 sau 2, ya ba da 32. In an kwantar da shi, 2 sau 2 sau 4, ya ba da 16. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya, amma kafawa ta ninka ƙarfinsa. Tsawo kuma yana rage ƙarfi: in tazarar da ke tsakanin madogarai biyu ta ninka, nauyin da katakon zai iya ɗauka a tsakiyarsa ya koma rabi. Maginan soro sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa barin azara ta yi doguwar tazara.

Aksul

Ƙarfen da ya ratsa tayoyin biyu, wanda makanikai ke kira aksul, shi ne ƙashin bayan keke. A ce kaya da keke duka kilo 1,000 ne, kowace taya tana ɗauke da 500. Abin da ke lanƙwasa aksul shi ne wannan 500 a ninka da tazarar da ke tsakanin taya da inda gadon keke ya zauna. In inci 4 ce, an sami 2,000. In an tura tayar waje har tazarar ta kai inci 8, an sami 4,000, alhali ba a ƙara ko mudu ɗaya ba. Saboda haka taya ta matso kusa da madogararta gwargwadon yadda za ta juya ba ta goga ba.

Ga ƙarfe mai da'ira kuwa, kauri sau uku ake ninka shi. Mai inci 2 ya fi mai inci 1 da rabi ƙarfi fiye da ninki biyu. Wanda ya sayi siririn don sauƙin kuɗi, araha ba ta yi masa ado ba.

Inda za a ɗora kaya

Keke mai taya biyu kamar sikeli yake, aksul ne tsakiyarsa. A ce daga aksul zuwa karkiya ƙafa 10 ne. Buhu mai kilo 100 da aka ajiye ƙafa 3 gaba da aksul, 100 sau 3 a raba da 10, ya ɗora kilo 30 a wuyan shanu. Buhu 5 a wurin, kilo 150 ke nan. Ga wuya yana salewa, ga sandar ja tana lanƙwasa daidai inda ta haɗu da gado. In kuwa an tara kaya a baya, karkiya ta ɗaga sama, igiya ta shaƙe shanu, musamman a kan hawa. Sai a ɗora mafi nauyi a bisa aksul, dama da hagu daidai, gaba ya ɗan rinjayi baya kaɗan. Kafin a ɗaura shanu, mutum ɗaya ya gwada ɗaga sandar ja. In ta ƙi ɗaguwa, ko ta tashi da kanta, a sake jera kaya.

Jijjiga da gajiyar ƙarfe

Nauyin da aka saki gaba ɗaya yana cin ƙarfe ninki biyun wanda aka ajiye a hankali, wanda aka jefo daga sama kuwa ya fi haka. Taya ta faɗa rami da gudu, ko a ratsa kunyoyi a karkace, daidai yake da dukan guduma. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙarfe kuma yana gajiya. In ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, za ta tsinke ba tare da ka ja ta ba. A shekarar 1842 aksul ɗin kan jirgin ƙasa ya karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da yawa suka halaka. Bayan haka wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya yi shekaru yana gwada aksul ɗin jiragen ƙasa, har zuwa 1870. Ya tabbatar nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba zai karya shi in ya yi ta maimaituwa. Tsaga takan fara ƙanƙanuwa kamar gashi, a bakin walda, ko a ramin ƙusa, ko a kusurwa mai kaifi, ta yi ta ci a ɓoye. Ranar da ya karye, za ka ga wani sashen karayar ya yi santsi da duhu, wani sashen sabo fil. Mai duhun nan ya daɗe da tsagewa.

Abin yi kowane mako

A wanke bakin walda a duba. In an ga siririn layin tsatsa, tsaga ce, a kai wa mai walda tun ba a ɗora kaya ba. A ɗaure noti da sifana, domin sakakkiyar ƙusa ita ce ke yankewa. A sa giris a cibiyar taya. A sake zoben sarƙar da ya cinye.

Ga lissafi ku gwada da yaranku 'yan makaranta. Buhun taki mai kilo 50, guda 4, an ajiye su ƙafa 2 gaba da aksul, karkiya tana ƙafa 10. Kilo nawa ne a wuyan shanu?

Allah Ya sa mu kwashe amfaninmu lafiya, amin.