Sawu a Kan Dutse: Shaidar Tsohuwar Teku a Sahara

Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, yankin da ake kira Sahara a yau yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara kuma ta lulluɓe shi. Har yanzu ana ganin kartar da ta yi wa duwatsu a kudancin Aljeriya. Da ƙanƙarar ta narke, sai teku ta cika ta malale ƙasar.

Masana sun gane zurfin wannan teku ne daga sawun ƙananan halittun ruwa, wato ramuka da alamun rarrafe da suka bari a cikin yashin da daga baya ya zama dutse. Ruwa kan kwashi ƙwanso ya kai wani wuri, amma sawu yana nan inda aka yi shi, don haka shaidarsa ta fi ƙarfi. Ramukan da suka miƙe ƙasa alama ce ta gaɓa mai igiyar ruwa, sawun rarrafe kuwa alama ce ta ruwa mai natsuwa wanda bai cika zurfi ba. Duwatsun Akakus na Libiya cike suke da irin wannan sawun rarrafe.

Aiki: A bayyana dalilin da ya sa sawu ya fi ƙwanso ingancin shaida.