Babban itace cikin ƙaramin kasko

Yara, ku dubi bedin da ke tsakar makarantarku. Ya fi ajinku tsawo, kuma dukanku kuna iya zama a inuwarsa. To, a ƙasar Japon akwai itatuwan da suka girmi kakanninku, amma tsawonsu bai wuce gwiwar malaminku ba. Cikin kasko suke zaune. Ana kiransu bonsai. A harshen mutanen Japon, "bon" kasko ne marar zurfi, "sai" kuwa shuka.

Bonsai ba wani irin itace ne na dabam ba. In aka shuka ƙwayarsa a fili, babban itace za ta ba da. Mutum ne ke hana shi girma: yana rage masa saiwa, yana datse masa rassa, yana ba shi ƙasa kaɗan. Mutanen Sin ne suka fara wannan sana'a, mutanen Japon suka koya daga gare su fiye da shekara 700 da suka wuce. Akwai wani bonsai da ake reno tun 1625. Yana gidan mai shi a birnin Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, amma bai mutu ba. A 1976 aka ba Amurka shi kyauta, yanzu yana birnin Washington. Ku lissafa shekarunsa.

Yau za mu ga yadda mai lambun bonsai ke gyara wani ƙaramin itace mai suna al'ul, wanda ake kira cèdre da Faransanci. Shi ne itacen da ke kan tutar ƙasar Lubnan. Yana tsirowa kuma bisa duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, inda ƙanƙara ke sauka. Ganyensa sirara ne kamar allura, suna fitowa tuntu-tuntu, kuma kore yake rani da damina. Ƙaramin al'ul yana miƙewa sama tsaye. Tsoho kuwa rassansa a shimfiɗe suke, wasu har sun sunkuya. Mai lambu yana so ƙaramin ya yi kama da tsohon. Kayan aikinsa waya ce, ta jan ƙarfe ko ta alminiyam, da almakashin yanke ta.

Kafin ya taɓa waya, sai ya zauna ya yi ta kallon itacen. Yana juya kaskon, yana neman gefen da ya fi kyau. Wannan gefen shi ne gaban itacen. Sa'an nan ya zaɓi rassan da zai bari. Ba ya gaggawar yanka, domin reshen da aka yanke ba ya komawa.

Wayar da zai ɗauka, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin uku ne na kaurin reshen. Reshe mai milimetir 6 yana son waya mai milimetir 2. Ta yi siriri, reshe ya fi ƙarfinta. Ta yi kauri, ta ƙuje masa ɓawo. Da gangar itacen yake farawa. Yana soka bakin wayar cikin ƙasa a gindi don ta kafu, sa'an nan ya naɗa ta yana hawa sama a karkace, da kusurwa mai digiri 45. Kuna son ku ga wannan kusurwa? Ku ninke kusurwar takarda gida biyu daidai, ga ta nan. Bayan ganga sai rassa, daga na ƙasa zuwa na sama. Waya ɗaya tana kama rassa biyu: tsakiyarta na zagaya ganga, kowane baki ya bi reshe guda. Yana kula kada ya danne ganye ko toho a ƙarƙashin wayar.

Sai an gama naɗi ake tanƙwarawa. Yana riƙe reshe da hannu biyu, manyan yatsunsa na tokare cikin lanƙwasar, yana sunkuyar da shi sannu-sannu. In ya ji ƙaramar ƙara, sai ya tsaya nan take. Ba ya kai reshe ya komo da shi, ya sake kai shi, don haka na yayyaga jikinsa ta ciki, reshen ya bushe. Kun san karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ko ɗanyen yana karyewa a hannun mai garaje.

Yaya reshe ke riƙe sabuwar kamarsa? Ba wayar ce ke ba shi ita ba. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani sashe mai laushi, mai rai. Shi ne ke ƙara sabon itace a kan tsoho kowace shekara. Wannan sabon itacen yana ginuwa yadda ya tarar da reshen, a tanƙware, har ya yi tauri. Aikin waya shi ne ta riƙe reshe kafin hakan ta faru. Al'ul yana da taurin kai: watanni da yawa yake ɗauka, wani lokaci shekara, kuma sau da yawa in an cire wayar sai reshe ya ɗan ɗago, a sake naɗa wata.

Ga inda hatsarin yake. Reshe yana ƙara kauri, waya ba ta ƙaruwa. In aka manta da ita, sai ta nutse cikin ɓawo ta bar tabo mai zagaye wanda kan yi shekaru bai ɓace ba. In ta nutse sosai, sai ta toshe hanyar abinci, reshen ya mutu. Na taɓa ganin haka a wata makaranta da na je ziyara: an ɗaura wayar shanya a jikin ƙaramin bedi, shekara uku ba wanda ya kwance ta, saman itacen ya bushe. Shi ya sa mai lambu ke duba wayarsa kowane mako lokacin da itace ke toho. Da ya ga ta fara matsewa, sai ya yanyanka ta gunduwa-gunduwa ya cire. Ba ya warware ta, don kada ya fizge ganye ko ya karya reshe.

Al'ul itacen sanyi ne, zafin ƙasarmu ya fi ƙarfinsa. Amma tsamiya da ceɗiya suna yin bonsai mai kyau, kuma suna nan kusa da ku.

Ma'anar kalmomi

Ganga: jikin itace daga gindi zuwa inda rassa suka rabu.
Toho: sabon ganye ko reshen da ya fara fitowa.
Garaje: yin abu da gaggawa ba tare da lura ba.

Tambayoyi

1. Me ke hana bonsai girma?
2. Reshe yana da kaurin milimetir 9. Wace waya ta dace da shi?
3. Don me ake yanke waya maimakon a warware ta?

Aiki

Ku samo ɗanyen reshen bedi da ya faɗo, da guntuwar waya mai laushi. Ku naɗa ta a karkace, ku tanƙwara reshen a hankali, ku zana shi cikin kayenku. In an tashi, ku zagaya itatuwan makaranta tare da malaminku, ku kwance duk wata waya ko igiya da ta matse su.