Yadda Ake Gane Kusurwar da Ta Daidaita

Ɗakin da kusurwarsa ta karkace tun daga tushe, wahalarsa ba ta ƙarewa. Kwanon rufi ba zai zauna daidai ba, mai sa tayil kuma sai ya yi ta yanke-yanke. Ido kaɗai yana yaudarar magini, amma igiya da tef da ɗan lissafi ba sa ƙarya.

Alwatika siffa ce mai gefe uku. Wata alwatikar tana da kusurwa ɗaya madaidaiciya, irin ta shafin littafi, wato mai digiri 90. Akwai ƙa'idar gane ta. Ana danganta ƙa'idar ga Fitagoras, masanin ƙasar Girka da ya rayu fiye da shekara 2,500 da suka wuce, ko da yake mutanen Babila sun san ta tun kafin a haife shi.

Ga yadda take. Auna gefuna ukun. Ninka tsawon kowanne da kansa. Haɗa amsoshin gajerun biyu. In jimlar ta zo ɗaya da amsar dogon gefe, to kusurwar da ke tsakanin gajerun ta daidaita.

Mu gwada da 3, 4 da 5. 3 sau 3, 9. 4 sau 4, 16. In an haɗa, 25. 5 sau 5 ma 25. Ta daidaita.

Mu gwada da 4, 5 da 6. 16 da 25 sun ba da 41, amma 6 sau 6, 36 ne. Wannan ba ta daidaita ba.

A filin gini, kafa turke a inda kusurwa za ta kasance. Ja igiya biyu, kowace ta bi layin bango ɗaya. Daga turken, auna mita 3 a kan igiya ta farko, ka sa alama. Auna mita 4 a kan ta biyu, ka sa alama. Sai ka auna tsakanin alamomin. In ka sami mita 5 cif, a fara haƙa. In ya haura 5, kusurwa ta buɗe da yawa. In bai kai ba, ta matse. Matsar da igiya ɗaya, ka sake aunawa har ya zo daidai.

In wurin ƙarami ne, kamar aikin kafinta, yi amfani da santimita 60, 80 da 100.

Aikin yi

1. Gwada 6, 8 da 10. Kusurwar ta daidaita?
2. Gwada 5, 12 da 13.
3. Gwada 5, 6 da 8.
4. Ɗauki tef ka auna kusurwar ɗakinka, ka kawo amsa aji.