Yadda 'Yan Borin Koriya Suka Shiga Intanet

Ina so in ɗan yi muku bayani a kan wata tsohuwar al'ada ta Koriya ta Kudu da yadda zamani ya juya ta.

A wannan ƙasa akwai waɗanda ake kira mudang, yawancinsu mata ne. Aikinsu ya yi kama da na 'yan bori, domin masu zuwa wurinsu sun yarda cewa iskoki da ruhohin kakanni sukan hau kansu. Babbar hidimarsu ita ce gut, inda ake kiɗa da rawa, a jera abinci, don neman lafiya ko sa'a.

A shekarun 1970 gwamnatin Shugaba Park Chung-hee ta ɗauki al'adar a matsayin camfi mai hana ci gaba, har aka rushe wuraren tsafi da yawa a ƙauyuka. Daga baya ra'ayi ya sauya. A 1985 hukuma ta karrama wata shahararriyar mudang, Kim Keum-hwa, a matsayin mai riƙe da gadon gargajiya.

To, da mutane suka bar ƙauye suka cika birane, buƙatunsu ma sai suka sauya. Manomi yana neman damina mai albarka, amma ɗan birni ciniki yake nema, ko aiki, ko cin jarrabawa. Lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya girgiza a 1997, ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun garzaya wurinsu. Yanzu kuwa matasan mudang suna da tashoshi a YouTube, suna yin duba ta wayar hannu, a biya su ta banki. A 2024 fim ɗin Exhuma, mai labarin irin waɗannan mutane, ya sami 'yan kallo fiye da miliyan 11 a ƙasar.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma a ganina akwai abin dubawa a nan. A da, duk ƙauye ya san mudang da halinta, in ta cuci wani kowa zai ji. Yau mutum mai damuwa yana aika kuɗinsa ga wadda bai taɓa gani ba, don kawai mabiyanta suna da yawa. Al'adar da ƙarfin hukuma bai kashe ba, ina tsoron kada kasuwa ta mayar da ita haja zalla.