Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan da Rana da Iska Ke Shanyewa

Ƙafewar ruwa, da milimita ake auna ta. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce farantin awo na ƙarfe, mai faɗin kusan santimita 121 da zurfin santimita 25. Ana girke shi a kan katako a sarari, a zuba ruwa, kowace safiya a duba ragin da aka samu. Da yake ƙarfe na saurin ɗaukar zafi, faranti kan zarce gaskiya, don haka kimanin kashi 70 cikin 100 na awonsa ake ɗauka idan ana lissafin babban ruwa kamar madatsar Tiga, wadda ke shayar da gonakin Kura da Bunkure.

Hanya ta biyu lissafi ce da Howard Penman ya fitar a 1948, mai haɗa zafi, hasken rana, laima da ƙarfin iska. A ƙasar Kano ƙafewa ta fi tsanani a bazara, Maris zuwa Afrilu.

Sauyin yanayi ya sa tsofaffin alƙaluma ba abin dogaro ba ne. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska na iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Amma zafi kaɗai ba ya yanke hukunci: hazon hunturu na rage kaifin rana, kuma a Ostireliya an ga ƙafewar faranti ta ragu saboda lafawar iska.