Daga Babbaƙu zuwa Alfa: Koyon Furucin Girkancin Dauri ta Kunnen Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin tsangaya a ƙauyukan Ɗanbatta ya san yadda kolo yake fara karatu. Sai ya haddace babbaƙu da sunayensu na gida, su ba guje da ha kuri da ɗa mai hannu, sannan malam ya ɗora shi a kan farfaru, a sa wa baƙi wasali ya yi magana. Irin wannan mataki Girkawa suka taka wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), lokacin da suka ari rubutun Finikiyawa, wanda baƙaƙe ne zalla. Alamar dangantakar tana nan a cikin abajada: alif, ba, jim, dal su ne alfa, beta, gama, delta, kaf, lam, mim, nun kuwa su ne kafa, lamda, mu, nu. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne mayar da baƙaƙen da ba su da amfani a bakinsu zuwa wasula. Alif ya zama α, ha ya zama ε, ya ya zama ι, ain ya zama ο, wau ya haifi υ. Magabatanmu ma sun yi makamanciyar wannan dabara a ajami, da suka ɗauki ɗigon imala na ƙira'ar Warshu suka rubuta wasalin /e/ da shi.

A sassanmu na nazarin Hausa muna koyar da ra'ayoyin Aristotle kan wasan kwaikwayo, muna furta kalmominsa yadda muka ji su a bakin Ingilishi, harshen da ba ya bambance ma'ana da karin sauti. Wannan maƙala tana ganin Bahaushe ya fi kusa da Girkancin Atina na ƙarni na 5 fiye da wanda ya koya masa shi, sai dai akwai wuraren da Hausar ce za ta yi masa tarnaƙi.

2.0 Baƙaƙe

Haruffa 24 ne, kamar yadda Atina ta karɓe su a hukumance a shekarar 403 kafin Miladiyya. Yawancin baƙaƙen ba su da wuya. Ρ ra-gare ne kamar na tara da biyar, ba ra-kaɗe ba. Baƙi mai ɗauri, irin na ἵππος (doki), ana riƙe shi yadda ake riƙe na kulle.

Inda ake tuntuɓe shi ne φ da θ da χ. A zamanin da ake magana ba zuzau ba ne, tsayau ne da iska ke biyo bayansu, kishiyoyin π da τ da κ waɗanda ake saki a bushe. Abin sha'awa, Hausa tana riƙe da shaidar wannan bambanci a kalmomin da ta ara ta hanyar Larabci. Alƙalami daga κάλαμος (kara) yake. Larabawa sun rubuta κ da ƙaf, mu kuma muka mayar da shi tunkuɗau. Kimiyya kuwa, wadda akasarin masana ke dangantawa da χημεία, da kaf aka rubuta ta, saboda kaf ɗin Larabci yana da 'yar iska. Ke nan k ɗinmu ya fi kama da χ. Wanda yake neman κ sai ya furta ƙ ba tare da ya toshe maƙwallato ba.

3.0 Wasula

Wasula bakwai ne a rubuce. Ε da ο gajeru ne kullum, η da ω dogaye ne kullum, α da ι da υ kuwa kowanne yana iya zama dogo ko gajere, kuma rubutu ba ya faɗa. Ɗalibin Ingila yakan koka da wannan. Wanda ya saba karanta gari ya gane daga jimla ko na zama ne ko na tuwo, ba zai ga abin kuka ba.

Matsalarmu tana wajen gajerun /e/ da /o/. A tsakiyar kalmar Hausa ba safai suke tsayawa ba: a rubuta karen, a furta karan, jam'in zobe kuma zabba ake ji. Saboda haka idan aka ba Bahaushe λόγος, sai ya ja wasalin farko, ya mayar da na biyu /a/, ya ce logwas. Ya yi kuskure biyu a kalma mai gaɓa biyu, kuma a waƙa ya karya ma'auni, domin karin waƙar Girkanci a kan nauyin gaɓa yake tafiya kamar arulin da marubutanmu suke bi. Maganinsa shi ne a ɗauki gajeren /o/ na ƙarshen kalma, a yi ta maimaita lo, lo, go, go, sannan a haɗa.

Η dogon /e/ ne buɗaɗɗe, ba irin na zobe ba. Hujjar da aka fi kawowa ita ce mai wasan barkwanci Kratinos ya rubuta kukan tunkiya da beta da eta. A furucin Girkancin yau wannan zai ba da vi, kuma babu makiyayin da ya taɓa jin tunkiya ta yi haka. Υ ba mu da shi sam: harshe a wurin /i/, leɓɓa a wurin /u/. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da suka yi Faransanci sun riga sun mallake shi.

4.0 Tagwan wasula da karin sauti

Αι da αυ su ne na kai da tauri. Οι ma yana bakinmu ko da ba ma rubuta shi: a saurari akwai da bakwai, waɗanda Turawan farko suka riƙa rubutawa da oi. Ευ baƙo ne, sai an koya. Ει da ου kuwa tagwaye ne a ido kawai. A Atina sun riga sun zama dogayen wasula, na farko rufaffen /e/ irin namu, na biyu /o/ mai karkata zuwa /u/. Daga baya αι ma ya zama /e/, wato tafarkin da raini yake bi ya koma reni, naira ta koma nera.

Alamomin da ke saman wasula, waɗanda ake danganta ƙirƙirarsu ga Aristofanis na Bizantiya a Iskandariyya wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya, na tashi da saukar murya ne, ba na ƙarfinta ba. Kuskure a nan yana da tsada. A shekarar 408, ɗan wasa Hegelokos, a cikin Orestes na Yuripidis, ya sauya karin kalma guda, kwanciyar teku ta koma sunan wata 'yar dabba mai kama da tunku, aka yi ta yi masa ba'a shekara da shekaru. Mai cewa kuka na ido da kuka ta miya ya san yadda haka take faruwa. W. Sidney Allen, a Vox Graeca (1968), bai ƙarfafa wa masu karatunsa gwiwar kwaikwayon wannan kari ba. A ganina shawara ce da ta dace da su, ba da mu ba.

Alamar da ke kan οἶκοι (gidaje) karin faɗau ne, daidai da na kai na jiki, kuma kamar a Hausa, ba ya sauka a kan sassauƙar gaɓa. Sai dai a kula da bambanci biyu. Hausa tana ɗora faɗau a kan gajeren wasali mai baƙi a bayansa, kamar nan na kusa. Girkanci sai a kan dogon wasali ko tagwai. Sannan mu kowace gaɓa da karinta, su kuwa tashi ɗaya kalma take yi.

Abin da ya rage shi ne οἴκοι (a gida), inda murya take farawa ƙasa ta ƙare sama cikin gaɓa ɗaya. Daidaitacciyar Hausa ba ta yarda da wannan ba. Duk inda ya so fitowa sai ta miƙar da shi ya zama karin sama, kamar yadda domin ya taƙaita ya zama don. Mai koyo zai ce οἴκοι da karin kai na wakilin suna. Wannan bai cika daidai ba, amma ya raba shi da οἶκοι, kuma a matakin farfaru ya wadatar. Wanda yake son ya wuce nan sai ya raba tagwan gida biyu, ya sa o a ƙasa, i a sama, ya yi ta matso da su har su zama gaɓa ɗaya.